Alƙalin da Bai Taɓa Ɗaure Kowa Ba

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau rana ce da ta cancanci a adana ta a tarihi. Manhajar da na shafe wata huɗu ina ginawa ta fara aiki a masana'antarmu da ke Kakuri, kuma na raɗa mata suna Alƙali, domin aikinta yanke hukunci ne. Daga yau duk sitabilaizar da aka haɗa, wato akwatin ƙarfen nan da ke daidaita wuta kafin ta shiga firji, za a ɗora ta a kan tebur a maƙala mata wayoyi. Mita biyu su auna, kwamfuta ta karanta. Mita ɗaya tana duba ƙarfin wutar da ke fita. Ta biyun, wadda ta fi muhimmanci, tana duba ko wuta na yoyo zuwa jikin ƙarfen, inda hannun mutum zai taɓa. Idan yoyon bai kai iyakar da muka gindaya ba, allo ya yi kore, in manna koren sitika, in sa hannu. Idan ya wuce, ja.

Madam Irene, mai kamfanin, ta tafa mini. Na gabatar wa ma'aikata jawabi a kan inganci, daidaito da mizanin duniya, na tabbatar musu cewa zamanin ƙiyasi da shaci-faɗi ya shuɗe. Ina shakkar ko dukkansu sun fahimta.

Malam Dalhatu kaɗai bai tafa ba. Shi ke yin wannan gwajin da hannu tun kafa kamfanin, kafin nan kuma ya shekara ashirin yana gyaran wuta a masaƙa. Minti goma sha biyu yake ci a kan guda ɗaya. Alƙali sakan arba'in. Na rubuta masa bambancin a allo. Ya ce madalla, Injiniya.

Ban ji daɗin yadda yake jan kalmar ba.

Laraba, 8 ga Mayu

Wani abin ban mamaki. Malam Dalhatu ya shigo ɗakin gwaji rungume da wata tsohuwar sitabilaiza, duk ta lotsa, an ɗaura mata jan ƙyalle a hannu. Wai sunanta Ɓarauniya. Shi da kansa ya lalata ta shekarun baya, da gangan, don wuta ta riƙa yoyo a jikinta. Ya ce kullum da safe ita yake fara ɗorawa, haka kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta. In mitarsa ta kama ta, sai ya ci gaba da aiki. In ba ta kama ta ba, mitar ce ke ƙarya. Yana roƙon in riƙa nuna wa Alƙali ita.

Na yi masa bayani cikin ladabi, gwargwadon iko, cewa manhaja ba ɗan Adam ba ce da za ta wayi gari da mantuwa. Abin da mantiƙi ya tabbatar sau ɗaya ya tabbata har abada. Maimaita shi kowace safiya ba kimiyya ba ce, al'ada ce, kuma tsakanin al'ada da camfi taki ɗaya ne.

Ya dube ni, ya dubi Ɓarauniya. Ya mayar da ita sito.

Juma'a, 17 ga Mayu

Kore, kore, kore. Kuma tun makon jiya yoyon da ake samu sifili ne tsantsa, 0.00, layi bayan layi. Wannan ita ce kamala. Na shaida wa Madam cewa tsoron Alƙali ya sa masu haɗawa sun nutsu. Ta mayar da Malam Dalhatu sashen sa kaya a kwali, tunda ɗakin gwaji ba ya buƙatar mutum biyu. Ni na ba da shawarar, a rubuce.

Talata, 28 ga Mayu

Yaya Nafisa ta sayi firiza saboda naman Babbar Sallah. Na kai mata tamu guda ɗaya har Unguwar Sanusi, na nuna mata sa hannuna a kan sitika. Ta ce oh, Anas ɗinmu ya zama mai sa hannu, Allah ya sa albarka.

A masallacin ma'aikata bayan azahar, muna sa takalma, Malam Dalhatu ya tambaye ni aiki. Na faɗa masa ba mu taɓa ganin ja ba, kuma kwamfutar ba a taɓa kashe ta ba tun ranar farko, ko sau ɗaya, batirinta na riƙe ta duk ɗauke wutar da ake yi. Sai ya ce a zamaninsa cikin kowace ɗari yakan mayar da biyu ko uku, kuma cikin shekara talatin bai taɓa ganin na'ura mai rai ta nuna sifili cif ba, ko lafiyayya ce takan nuna ɗan wani abu.

"Injiniya, wannan alƙalin naka ya taɓa ɗaure wani kuwa?"

Na ce rashin masu laifi ba aibin kotu ba ne. Amsar ta yi mini daɗi ƙwarai. Hassada dai, a ganina, ko kuwa kewar tsohon matsayi.

Litinin, 10 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Wajen ƙarfe goma wani mutum ya shigo ofis da sitabilaizarmu naɗe cikin buhu, ya dire ta a teburin Madam. Sunansa Ebenezer, daga unguwar Television. Matarsa Hadassah tana sayar da ƙanƙara da zoɓo. Ranar Asabar ruwan sama ya shigo shagon, ta sa hannu za ta ɗaga akwatin daga ƙasa, ba takalmi a ƙafarta. Wuta ta ja ta, ta maka ta da bango. Tafin hannunta ya ƙone. Yatsu biyu har yau ba sa lanƙwasuwa.

Na ce, da cikakken yaƙini, matsalar daga haɗin wutar shagon take, domin wannan na'ura ta ci jarrabawa, ga sa hannuna. Na gayyace su ɗakin gwaji don su gani da idonsu. Na ɗora ta. Sakan arba'in. Kore, 0.00. Har na juya allon ya fuskance shi.

Ebenezer bai kalli allon ba. Ya nuna akwatin, yana jone, fitilarsa na ci.

"To, Oga Injiniya, taɓa ta."

Na ce ƙa'idar ɗakin gwaji ta hana. Ya ce shi bai san ƙa'ida ba, tunda kwamfuta ta ce lafiya, in ɗora hannuna kamar yadda matarsa ta ɗora nata.

Ban taɓa ba. Hannuna ya ƙi. Wannan shi ne abin da ya fi girgiza ni: bakina yana kare Alƙali, hannuna kuma bai yarda da shi ba.

Ban ga shigowar Malam Dalhatu ba. Ya zaro testa daga aljihun gaba, ƙaramin sukurdireban nan mai fitila a ciki, ya ɗora bakinta a jikin ƙarfen. Ta kama, jawur. Ya fita, ya dawo da Ɓarauniya, ƙura ta lulluɓe jan ƙyallenta, ya sauke na'urar Ebenezer daga tebur ya ɗora ta a wurin. Ya ce in danna.

Kore. 0.00.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na'urar da aka lalata da gangan, Alƙali ya wanke ta tas.

Sai Yaya Nafisa ta faɗo mini a rai. Na kira sau shida, waya a kashe. Na bar su a tsaye, na tari Keke, cunkoso ya riƙe mu, na sauka na ƙarasa da gudu. Na same ta tana wanke-wanke, kicin jiƙe, ƙaramar 'yarta zaune a ƙasa tana buga murfin tukunya, tsakaninta da akwatin bai kai taki biyu ba. Na kashe soket, na fizge wayar. Yaya ta ce lafiya, ko ka haukace? Na ce gyara za a yi mata.

Talata, 11 ga Yuni

Na gano.

Mitar yoyo a bango take shan wuta. Ranar Alhamis, 9 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, an ɗauke wuta. Mitar ta mutu, janareta ya tashi ta farfaɗo, amma maganarta da kwamfuta ta yanke. Kwamfutar kuwa ba ta mutu ba, saboda batirin da nake alfahari da shi, kuma da yake ba a taɓa kashe ta an kunna ba, ba ta sake neman mitar ba. Tun daga wannan minti Alƙali yana tambaya, babu mai amsawa.

Ga kuma layin da ya kashe ni. Ni na rubuta shi, a watan Fabrairu, lokacin da mitar ba ta iso ba kuma ina son in ga manhajar tana tafiya: idan mita ba ta amsa ba, a ɗauka sifili ne. Na yi niyyar cirewa. Sifili kuwa ƙasa yake da kowace iyaka.

Shiru ne na riƙa karantawa a matsayin kamala, har ina kai wa Madam rahoto.

Na ƙirga layukan. Ɗari uku da tamanin da shida. Dukkansu sun fita da sa hannuna, ba ɗaya da aka gwada. Idan lissafin Malam Dalhatu daidai ne, biyu ko uku cikin ɗari, to akwai kimanin goma a gidajen mutane a yanzu haka, jikinsu da wuta, ga damina, ga Sallah saura kwana biyar.

Malam ya gwada ta Yaya da tsohuwar mitarsa. Lafiyarta lau. Ba da ƙoƙarina ba.

Madam ta tambaye ni me ya faru, na ce mitar ce ta samu tangarɗar sadarwa. Ba ƙarya ba ce. Haka nake ta faɗa wa kaina tun la'asar.

Laraba, 12 ga Yuni

Hutu ne, amma na sami Madam a ofis. Na shirya jawabi mai sakin layi uku. Da na buɗe baki sai ya zama jimla biyu: laifina ne, kuma guda 386 ne, ba ta Ebenezer kaɗai ba.

Ta cire tabarau. Ta daɗe tana kallon takardar lissafin da na miƙa mata. Ta tambaya ko Baba Dalhatu ya taɓa gargaɗina, na ce sau biyu. Ta tambaya me na ce masa. Na faɗa mata, har da kalmar camfi. Ta sa na maimaita kalmar.

"Anas, ba ni da lokacin korarka yanzu. Je ka kira mini Baba."

Matsalar ita ce dillalai ba sa rubuta sunan mai saye. Mun san shagunan da aka kai wa, ba mu san gidajen da suka shiga ba. Madam ta ce sai rediyo. Na rubuta sanarwa: kamfani na sanar da abokan hulɗarsa masu daraja cewa sakamakon wani nazari na ƙurilla a kan tsarin tabbatar da inganci... Malam Dalhatu ya karɓi biro, ya ja layi a kan duka. Ya rubuta a ƙasa: duk mai sitabilaiza mai koren sitika da sa hannun Anas, ya kashe soket, kada ya taɓa jikinta, ya kira wannan lamba.

Na ce ko za a iya cire sunan. Ya ce da me za su gane ta?

Alhamis, 13 ga Yuni

Na ji sunana a rediyo, da Hausa da Turanci, sau huɗu. Na daɗe ina mafarkin haka. Ba ta wannan fuskar ba.

Yaya Nafisa ta ji. Ta kira, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ashe shi ya sa ka shigo kamar an biyo ka. Ina jin muryar yarinyar a bayanta.

Asabar, 15 ga Yuni

Kwana uku muna yawo a motar kamfani, ni da Malam. Makera, Tudun Wada, Barnawa, Unguwar Boro. Shi ke gwaji, ni ke riƙe fayil ina soke lambobi. Ɓarauniya tana bayan mota. Kowace safiya sai ya jona ta a bakin sito ya ga mitarsa ta kama ta, sannan mu tashi. Minti biyu. Na auna.

A Tudun Wada wani Alhaji mai shagon lemo ya hana mu taɓa tasa. Ya ce gobe Sallah, firizarsa uku a kanta suke, wata guda yana amfani da ita ba abin da ya faru, mu yaran zamani mun cika neman suna. Na fara yi masa bayanin yadda wuta ke bin jiki zuwa ƙasa idan aka samu danshi, da ma'anar juriya a kimiyyance. Ya ce in yi masa Hausa.

Malam ya gaishe shi, ya tambayi iyali da kasuwa, ya ce Alhaji ara mini minti ɗaya, ba zan kashe komai ba. Ya ɗora testa. Ta kama. Ya miƙa masa ita ya ce ya ɗora da kansa. Alhajin ya ɗora, ya ga jan, ya ja da baya har ya ture kiret ɗin lemo. Ashe a kan katako take, shi kuma kullum da silifas ɗin roba. Ya ce jikokinsa a nan suke wuni ranar Sallah, ba takalmi.

Ita ce ta huɗu da muka kama.

A mota na ce wa Malam abin ya ba ni mamaki yadda mutane ke fifita fitila a kan hujja. Ya ce fitilar ai hujja ce, Injiniya. Bai ja kalmar ba wannan karon. Ko kuwa ni ne ban ji ba.

Lahadi, 16 ga Yuni

Sallah. Daga idi na wuce ofis na zauna gaban waya. Kira tara. Ban ci nama ba.

Laraba, 19 ga Yuni

Na je Television ni kaɗai. Ba wanda ya aike ni.

Shagon ƙarami ne, kusa da wani mai faci. Hadassah tana zaune a kan benci, hannun dama naɗe da bandeji, tana ƙoƙarin ɗaure ledar zoɓo da hagu da haƙori. Na gaishe ta, na ce daga kamfani nake. Ta ce Madam ta riga ta zo da Baba mai testa, sun kai ta asibiti an sake duba hannun, likita ya ce yatsun za su iya dawowa, za su iya ƙi. Ta ba ni wuri.

Ta ce a shagon dillalin akwai wata ta waje, har ta ɗauka, sai ya ce mata ga ta gida, wannan kwamfuta ce ta gwada ta, ba mutum ba, kwamfuta ba ta kuskure. Ya nuna mata sitika. Shi ya sa ta canza.

Waɗannan kalmomina ne. Ni na koya wa dillalai su, a taron da muka yi a watan Mayu.

Ta dube ni da kyau. "Kai ne Anas ɗin rediyo?"

Na ce ni ne.

"Ka iya sa hannu, ɗan'uwana. Har da 'yar wutsiya a ƙarshe."

Ta yi dariya, ni na kasa. Na nemi gafararta, kuma ban tuna da wace irin Hausa na nema ba, na dai san gajeriya ce. Ta ce ta yafe, amma in ina son in yi amfani, ga leda ga zoɓo. Na ɗaura mata sittin da ɗaya. Ta ce ɗaurina sako-sako ne, ta sa na sake goma sha biyu.

Litinin, 24 ga Yuni

An duba 352. Marasa lafiya takwas, har da ta Hadassah. Kiran waya ya fara ja baya. Wani dillali ya ce wasu sun tafi Kafanchan, wasu Zariya, bai san wa ya saya ba.

Duk inda na ji an ce wuta ta ja wani, sai in bar abin da nake yi. Jiya a Makera aka faɗa, na bi sawu har gidan. Dutsen guga ne.

Madam har yanzu ba ta samu lokacin ba.

Litinin, 1 ga Yuli

An sake buɗe ɗakin gwaji. Na yi wa Alƙali garambawul bisa wata sabuwar nazariyya da na tsara: idan mita ta yi shiru, allo ya yi ja, aiki ya tsaya cak. Sifili tsantsa ma ja ne. Bugu da ƙari, manhajar ba za ta karɓi ko na'ura ɗaya ba sai an fara gabatar mata da samfurin da aka san lalatacce ne ta kama shi, da safe da kuma bayan kowace ɗaukewar wuta. A rahotona na kira wannan tsarin tantance mai tantancewa. Malam Dalhatu ya karanta, ya ce sunan ya yi kyau.

Ya dawo ɗakin. Teburin ya ishe mu. Sitika yanzu sa hannu biyu take ɗauka, nasa a sama, duk da tsarin haruffa.

Saura ashirin da biyar ba a gano ba. Lambobinsu suna aljihuna, takardar har ta fara yagewa a lanƙwasa. Bisa lissafi, wataƙila ɗaya a cikinsu. Wataƙila babu. Na roƙi Madam a bar sanarwar ta ƙara wata guda, ta yarda.

Na saya wa Ɓarauniya sabon jan ƙyalle, don tsohon ya yi datti kawai.

Wajen sha biyu aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya gama tashi na ga har na sauke wadda ke kan tebur na ɗauko Ɓarauniya, ban jira allon ya umarce ni ba. Na danna. Ja.

Malam yana gefe yana goge testarsa. Ya ce, "To, Anas, mu ci gaba."

Na ce ya ɗan ɗora mata testar tukuna.